Tsutsotsin Tankin Dubravka

Rijeka, 4 ga Maris

Aikin farko yau: auna gishirin ruwan tanki. Daidai yake.

Yaya Ljubo,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taka?

Wata uku ke nan da rasuwar matata Dubravka, ina kula da tankin gilashin kifinta iya yina. Ranar Talata ɗaya daga kifayenta biyu masu launin ruwan lemo ya mutu. Na same shi ƙarƙashin dutsen murjani, tsutsotsi masu ƙaya sun lulluɓe shi. Tun ranar nake ɗaga duwatsu ina cire su da hantsaki. Na cire sittin da uku, in ban yi kuskuren ƙirga ba. Ƙayarsu ta kumbura mini yatsu biyu.

Kai ka koya wa ƙanwarka kiwon nan. In kwashe duwatsun in tafasa su? Kifi ɗaya ya rage, ba na son rasa shi.

Ka huta lafiya.
Davor

Osijek, 9 ga Maris

Ƙanena Davor,

Muna amsawa. Ƙafa tana nan da halinta.

Kada ka kuskura ka tafasa ko dutse ɗaya, duk mai rai a tankin za ka kashe. Tsutsotsin nan 'yan shara ne, ba sa kisa. Mushe da ragowar abinci suke ci. Amma sittin da uku? Dubravka ba ta taɓa ganin goma ba. Yawan abinci ke yawaita su, shi ke kuma ɓata ruwa har kifi ya mutu. Ita ɗan tsunkule ɗaya take zubawa a rana, Lahadi ko ƙwaya babu. Kai fa, sarkin rubuce-rubuce, nawa kake zubawa?

Ka zo mana bikin Ista, akwai gado.

Yayanka,
Ljubo

Rijeka, 13 ga Maris

Yaya,

Na gode. Na duba littafina. Sau biyar a rana. Duk sanda na zauna a tebur na kasa cin komai, sai in tashi in ba su. Kowane zubi na rubuta shi da lokacinsa, ban taɓa haɗa jimillarsu ba.

Ashe ni ne. Na karanta wasiƙarka sau biyu ban ji komai ba, sai na tashi na wanke kofi.

Zan bar tsutsotsin. Kifin yana nan, yana zagaye gefe ɗaya. Batun Ista ban sani ba tukuna.

Ka gaida uwargida Anka.
Davor

Na gobe:
Canza rubu'in ruwa.
Tsunkule ɗaya, da safe kawai.
Sayen burodi.
Mayar da duwatsu yadda ta jera su, in na tuna.