Sai An Ɗaga Ta

Litinin, 3 ga Maris

Wata ya zagayo da rufe kamfaninmu. Na tashi, na yi wanka, na sa kaya, na zauna a bakin gado. Baba ya leƙo ya ce, "'Yar nan, fita za ki yi?" Na ce a'a. Ya kalli takalman da ke ƙafata, ya wuce.

Ba na kuka, ba na fushi. Yaya ya ce a waya gara in yi ihu in huta. Na ce in ihun ya zo zan sanar da shi.

Alhamis, 6 ga Maris

Dogo, mai yi mana sauti a da, ya turo mini tallar aiki. Wani ƙaramin kamfanin wasannin kwamfuta na neman mutum ɗaya. Wai a turo satifiket, ko aikin da aka taɓa yi su gani.

Aikin da aka taɓa yi, ka ji fa. Shekara huɗu ina yin ƙofofi. Duk ƙofar da ke cikin wasanmu ni na yi ta: mai buɗewa ciki, mai buɗewa waje, wadda ba za ta datse ɗan wasa a tsakiya ba, wadda dodo ba zai ratsa ta kamar aljani ba. Har suna aka sa mini, Mai Ƙofa, don ko a banki ba na wuce ƙofa ban gwada ta sau biyu ba. To wasan bai fito ba, an kashe shi, kuma duk mun sa hannu ba za mu nuna ko hoto ɗaya ba. Ƙofofina suna can a kulle, makullin yana hannun lauyoyi.

Satifiket kuwa ba ni da shi. A da wa ya tambaye ni?

Talata, 11 ga Maris

Na yi rajistar jarrabawar manhajar da nake aiki da ita tun ba ta yi farin jini ba. Darasi na farko: yadda ake buɗe ta. Can gaba malamin ya koyar da yin ƙofa. Tasa in ta buɗe sai ta shige cikin bango, shi ko a jikinsa. Na rubuta masa gyara, na goge.

Asabar, 15 ga Maris

Dogo ya ce ɓata lokaci nake, babu mai gina wasa da ke kallon takarda. Yaya ya ce in babu takarda, na'urar da ke tace masu nema ba za ta bar sunana ya kai gaban ɗan Adam ba. Kowa na ce masa haka ne.

Litinin, 24 ga Maris

Na ci.

Baba kamar shi ya rubuta. Bangon falonmu dama cike yake: takardunsa na ofis tun kafin ritaya, digirin Yaya, har da ta koyon tuƙi. Shekara huɗu in an tambaye shi aikina sai ya ce, "Tana harkar kwamfuta," don bakinsa ba ya iya cewa wasa. Yau kafin la'asar an sa takardata a firam. Ya yi ta ja da baya yana duba ko ta karkace.

Na tura wa kamfanin kwafi. Ban ji komai ba.

Laraba, 2 ga Afrilu

Intabiyu. Mai tace takardu ya ce satifiket ɗin ne ya fiddo sunana daga cikin tulin. Yaya ya ci ɗaya. Sai shugabar masu gina wasa ta shigo, wata mai tabarau, ta kalli takardar kamar rasidin kanti, ta kife ta. Dogo ma ya ci ɗaya.

Ta ce, "Na yarda kin san inda madannai suke. Me kika yi da su?"

Na faɗa mata. Ta ce ita ma an taɓa kashe mata wasa, ta san ciwon. "Amma ba zan ɗauki abin da hannuna bai taɓa ba. Ku biyu kuka rage, ɗayan yana da wasanni a kasuwa. Kawo mini wani abu kafin ƙarshen mako mai zuwa, kome ƙanƙantarsa."

Sai a mota na tuna ban ma lura ba ko ƙofarsu turawa ake ko ja.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Na buɗe kwamfuta, ta kalle ni, na kalle ta.

Asabar, 5 ga Afrilu

Ina zaune na ji Baba ya shiga kicin. Ƙofar nan tun muna yara ta saki jiki, tana jan ƙasa. In ba ka ɗaga hannunta sama ka tura da gwiwa ba, ko ka kwana nan. Baƙi sun sha kokawa da ita. Umma, Allah ya jiƙanta, tana girki ba ta juyowa take gane mai shigowa: Yaya da hauri, Baba a hankali kamar mai neman alfarma, ni kuma sai na ɗaga sau biyu.

Na fara. Soro ɗaya, ƙofa ɗaya, babu rubutun da zai gaya maka yadda za ka yi. Na ce wa Dogo ya zo Talata ya ɗauki kukan ƙofar kicin ɗin.

Litinin, 7 ga Afrilu

Na fita sayen wayar caji. Na dawo na tarar da garin katako a ƙasa, kafinta yana tattara kayansa. Baba yana ta murmushi.

"Kwana biyu na ga kina ta fama da ita, ki buɗe ki rufe, ki tsaya kina kallonta. Na ce ashe abin ya dame ki haka."

Na tura da yatsa ɗaya. Ta buɗe shiru, kamar ƙofar gidan wasu.

Na ce na gode, Baba. Na shiga ɗaki na jira in ji wani abu. Kunnuwana ne kawai suka yi zafi.

Talata, 8 ga Afrilu

Dogo ya zo duk da haka. Muka ja kujera a siminti, muka buɗe tsohon akwati, muka murza marfin tukunya. Ko kusa. Can sai muka ji Baba daga falo: "Ba haka take ba."

Ya shigo da jarida a hannu. Da ya gane abin da muke nema, da abin da ya yi jiya, na so in ce masa ya bari. Sai ya gyara murya ya ce, "Gurnani take fara yi, sannan ta ja." Ya yi da bakinsa. Tabɗi! Ita ce sak. Dogo ya miƙa masa makirufo yana cije leɓe. Sau uku aka ɗauka, Baba da kansa ya ce na biyu ya fi.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Kafin in tura na zaunar da Baba a gaban kwamfuta. Bai taɓa yin wasa ba. Na nuna masa yadda ake tafiya, ban ce komai game da ƙofar ba. Ya tura, ta ƙi. Sai na ga hannunsa ya ja sama da kansa, sannan gaba. Ta yi gurnani da muryarsa, ta buɗe.

Babu komai a bayanta sai kicin da 'yar kujerar Umma kusa da murhu. Lokaci bai ishe ni in ƙara wani abu ba. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Wannan fa, ana iya sa shi a firam?"

Na ce a'a, Baba. Na tura.

Laraba, 16 ga Afrilu

Sun kira ni. Mai tabarau ta buga wasan a gabana. Ta tura, ta tura, ta yi tsaki, ta ce ko abin ya lalace ne. Na bar ta. Can ta ɗaga, ta buɗe, ta fashe da dariya har ta cire tabarau. Ta ce wa ya yi kukan ƙofar. Na ce babana ne.

Farkon wata zan fara. Mai tace takardu ya ce in kawo satifiket ɗin na asali a sa a fayil. Sai dai su yi da Baba, ni ba zan iya ciro shi daga bango ba.

Ba wani abu na ji ba. Ƙofarsu dai ja ake yi, amma hannun turawa suka sa mata, kuma tana komowa da sauri, wata rana za ta bugi wani. Maigadi yana ta kallona ina gwadawa.

A gida na kama hannun ƙofar kicin na ɗaga, alhali yanzu ba ta bukata. Ƙwas, ƙwas. Baba yana ciki yana haɗa shayi, bai juyo ba ya ce, "Ke ce."

Na ɗan jima a bayan ƙofar kafin in shiga. Hawaye ne suka zo, ba ihu ba, don haka ban kira Yaya ba tukuna.