Kaucin Tsamiyar Malam

Babban Mutum,
3 ga Satumba.

Zuwa ga Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya idon? Ina fata Auta da iyalinsa suna lafiya a can Kano. Na rubuto ne don a waya ba ka ji sai an yi ihu, ni kuwa ba zan tara mana maƙwabta ba. Auta ya karanta maka.

Gidan ya yi mini girma. Har yanzu tuwon mutum biyu nake tuƙawa.

Na je gona na duba maka kaucinka, tunda shi ka tambaya kafin ni. Yana nan a reshen tsamiya na gabas, ganyensa kore shar, ya fara fitar da kan fure ja kamar tsinken ashana. Na san karatun: na gawo da na kanya ko'ina akwai, amma shekara arba'in ba ka ga na tsamiya ba sai wannan. Ka ce shi za ka fara kallo in an buɗe idon. Allah Ya nuna mana.

Taka,
Adama.

12 ga Satumba.

Malam,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji an yi aikin idon lafiya, alhamdulillahi.

Shekaranjiya iskar hadari ta tsage reshen nan, yana reto amma bai rabu da uwar ba. Kada hankalinka ya tashi. Na sa lauje na yanko kaucin, na dasa shi a tsohuwar randa da taki mai kyau. Safe da yamma nake ba shi ruwa, har hira nake yi masa, tunda ba wanda zan yi wa.

Taka,
Adama.

24 ga Satumba.

Malam,

Ina gaisuwa, ya ƙarfin jiki?

Kaucin ya mutu. Kwana uku ganyen ya yi yaushi, furen ya zube bai buɗe ba. Na tona ƙasar ina neman saiwa, babu ko ɗaya. Maƙwabcinmu Hussaini ya ce kauci ba ya shan ƙasa, ruwan jikin bishiya yake sha, tsuntsu ne ma ke manna irinsa a reshe. Sai a lokacin na tuna ka sha gaya mini haka ina tankaɗe, ina cewa to, to.

Abin da ya fi ci mini rai, reshen bai bushe ba. Hussaini ya tokare shi da gwafa, yana nan ɗanye. Da na bar abin a wurinsa, da yanzu ya yi fure.

Na so in roƙi Auta ya tsallake wannan in yana karanta maka. Sai direban da ke kai takardun ya ce an cire bandeji, yanzu da kanka kake karatu. Wallahi ban so wannan ya zama abin da idonka zai fara gani ba.

Ka yafe mini. Ka dawo ko faɗa ne ka yi, na gaji da shirun nan.

Matarka,
Adama.