Sallah ta Uku a Gidan Mutanen Kambodiya

Daga Kulu a Jidda, zuwa ga mijina Malam Dogo a Mada. Gaisuwa da fatan alheri. Yaya Inna da ƙafarta? A gaishe da Baba Yari.

Malam, lafiyata lau, tunda ba ka tambaya ba. Har yau ina aikatau a gidan alhazan Kambodiya, inda ka ajiye ni ka ce wata huɗu za ka dawo. Wannan ce ƙaramar Sallah ta uku.

Jiya muka yi abincin Sallarsu. Wata shinkafa ce mai danƙo, a jiƙa ta, a shimfiɗa kan ganyen ayaba, a sa ayaba a tsakiya, a naɗe, a ɗaure tamau, a dafa wuni guda. Shekarar farko na sa muciya na tuƙa musu ita kamar tuwo. Uwar gidan ta mare ni gaban baƙi, amma kunnen ya warke, sai dai ba ya ji sosai. Yanzu na fi 'ya'yanta iya naɗi. Guda tamanin na ɗaure, aka ba ni ɗaya da ya fashe.

Umaru na Bilbis ya kawo saƙonka, wai in aiko maka da dabino da zamzam. Ban aiko ba. Na je wurin alƙali, ya ce ko ka biyo ayarin alhazan bana, ko ka ba Umaru takardar sakina in ya komo gida, ya kawo mini. In babu ko ɗaya, shi zai raba mu.

Allah ya ba Inna lafiya. Wassalam.