Ɗawisun Madam Magdalena

Zuwa ga Kawu Kallamu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kana lafiya, da Inna Kande da yara. Allah ya ƙara sauƙin ƙafar nan. Mu nan Fatakwal lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya gajiya.

Kawu, na bar dako a Kasuwar Oil Mill, na samu aikin lambu gidan wata Madam Magdalena a Rumuokoro, amma kaina ya ɗaure. Itatuwan gidan ba a cin 'ya'yansu, ba a miya da ganyensu, aski kawai ake musu. Akwai wani mai ƙananan ganye kamar lalle, akwai wani ɗan'uwan ceɗiya. Jerome, mutumin Kafanchan da ya koya mini aikin, ya ce irinsu ake nema don suna jure almakashi. Wani an yi shi kamar tulu, wani kamar malafa, na bakin ƙofa kuwa ɗawisu ne sak, har da baki. Yanzu Jerome ya koma gida, ɗawisun ya dawo hannuna.

Zuciyata ba ta kwanta ba, sai na tambayi limaminmu ko wannan ba yin gunki ba ne. Ya ce a cire kan, in an cire ya zama kamar itace. Na ce ai itacen ne tun asali. Sai ya ce in dawo bayan Juma'a. Na koma, an ce ya tafi Anaca. Ita kuma Madam ta ce in ɗawisu ya rasa kai, ni ma na rasa aiki. In na ƙyale shi, mako biyu ya zama kurmi. Gaba kura, baya sayaki, wallahi ina jin tsoro.

Jiya na ɗauki almakashi ban san me zan yi ba, sai na tarar kurciya ta yi sheƙa a wuyansa, da ƙwai biyu. Madam ta ce kada in taɓa shi sai ta ƙyanƙyashe, 'ya'yan sun tashi. Don Allah Kawu, kai ka yi karatu, ka aiko mini amsa kafin su yi fiffike.

A gaishe da Usaini, da Mero, da Rahama.

Ɗanka,
Sagiru