Ɗigon Baƙi a Kan Fanel

Dutsin-Ma,
Satumba, 2021.

Zuwa ga Yaya Murja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya maigidanki da su Yasmin? Yaya ƙafar Inna, kumburin ya sauka? Ni ina lafiya a gidan Gwaggo Larai. Tunda aka katse layin waya na koma biro da takarda. Ilu direba ya ce zai riƙa ajiye miki saƙona a tashar Kurfi. Ki karanta wa Inna, na san ba za ta bar ki ba.

Kin ce a tambaye ni abin da ya riƙe ni bayan na gama karatu. Dakta Zaharaddin, malamin da ya duba aikina na ƙarshe, shi ya ba mu aiki, ni da Rilwanu, abokin nan nawa ɗan Shema da ya ci tuwo a gidanki ranar sunan Yasmin. Kwamfuta muke haɗawa, irin ta farko-farko, wadda masu sha'awa a Amurka suke saye a warwatse wajajen 1975 su harhaɗa a gida. Ba ta da gilashin kallo. Fuskarta jerin makunnai ne da ƙananan fitilu jajaye. Da makunnan ake ba ta umarni, da fitilun take amsawa. Ta asali ta zama kayan tarihi, sai wasu suka sake buga fanel ɗinta, wato faifan da ake liƙa kayan lantarki a kai, layi bisa layi kamar na da. Dakta ya taho da fanel uku daga tafiya. Idan ɗaya ya ƙone, ban san inda za a samu wani a ƙasar nan ba.

Dakta yana da gurbin mataimaki guda ɗaya a bincikensa, ya ce sai ya ga aikinmu zai zaɓa. Rilwanu dariya yake yi, wai duk wanda ya samu ya saya wa ɗan'uwansa tsire. Ni na kasa dariyar. A ɗakina na soro muke aikin saboda solar Gwaggo. Ni nake liƙa da dalma, shi yake kula da wuta da fuskar. Na ba shi makulli ɗaya.

Jiya kwamfutar ta yi aiki. Na ba ta biyu da uku, fitila ta farko da ta uku suka kama, biyar ke nan a lissafinta. Na maimaita da wasu lambobin, ba ta kuskure ba.

Abu ɗaya ke damuna. Kin san zamanin da muke ciki, kowa na kallon kowa. Maƙwabta sun ga wayoyi da fitilu ta taga, aka fara cewa na'urar magana da mutanen daji ce. Mai unguwa ya zo da kansa, na nuna masa ba ta da eriya, ba ta aika komai ko'ina. Ya ce ya gamsu, amma ya daɗe yana kallon fitilun. Gwaggo kuwa ko ƙofar ɗakin ba ta tsallakewa yanzu.

Ki gaida Inna, ta sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Hudu.

Dutsin-Ma,
Ranar Laraba.

Yaya Murja,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da yara da Inna. Saƙo ya iso: ƙuli-ƙuli, garin kunu, da ƙullin da Inna ta ce a ba Gwaggo hannu da hannu. Na ba ta ban buɗe ba. Allah Ya saka da alheri.

Yaya, na'urar ta fara wasa da hankalina. Na ba ta biyu da uku ta ce bakwai. Na sake, ta ce goma sha uku. Da rana ta take, sai ta dawo daidai kamar ba ita ba. Washegari da safe haka. Na auna wuta da mita, bolt biyar ne cif. Na bi duk inda na liƙa da dalma, ƙafa bayan ƙafa, ban ga tsagewa ba. Na cire aisi-aisin, ƙananan baƙaƙen nan masu ƙafafu da yawa, na mayar. Abin da ya lalace da kansa ba ya zaɓar lokaci. Wannan kuwa da safe kawai yake tashi.

Ba na son in rubuta abin da zan rubuta. Bayan sallar asuba nakan tsaya karatu a masallaci, in biya wurin mai koko, sai gari ya waye sosai nake dawowa. A wannan tsakanin ɗakin ba kowa. Makulli uku ne: nawa, na Gwaggo, na Rilwanu. Gwaggo tsoron abin take, ko da tsintsiya ba za ta taɓa shi ba. Rilwanu kuma ta ƙofar gidanmu yake wucewa kullum da sassafe.

Da na nuna masa matsalar bai damu ba. Cewa ya yi, "Malam Hudu sarkin tsoro, raɓa ce, bari rana ta fito." Raɓar ai tana nan tun ranar farko, me ya sa sai yanzu? Kuma ɓangaren da yake rikicewa nawa ne, na ajiyar lambobi. Nasa lafiya lau. Na lura yana yawan zuwa ofishin Dakta shi kaɗai. Ya ce littafi yake arowa, ban ga littafin ba.

Wataƙila zato ne. Allah Ya sa zato ne. Amma ki gaya wa Inna ina jin akwai hannu a cikin aikin nan.

Naki,
Hudu.

Dutsin-Ma,
Ranar Asabar.

Yaya Murja,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna? Na ji Ilu ya ce ta fara takawa har ƙofar gida, alhamdu lillahi. Ƙulli na biyu ya iso, wannan ya fi na farko nauyi, na miƙa wa Gwaggo.

Abin ya ƙaru. Yanzu har azahar ba ta dawowa daidai, kuma aisi ɗaya ya yi zafin da ya ƙona mini yatsa, na yi maza na kashe wuta. Da gilashin ƙara girma na ga wasu ƙananan ɗigo baƙi-baƙi a tsakanin layukan fanel. Ba dalma ba ne. Wani ne ya sa su.

Na je na gaya wa Dakta. Ban ce na kama Rilwanu ba, gaskiya na faɗa: makulli uku, safiya, ɓangarena, ɗigon. Amma na san yadda na jera su. Dakta ya ce Rilwanu ya dakata da zuwa, ni in ƙarasa. Da yamma Rilwanu ya zo, ya yi sallama, ya ajiye makullin a kan tebur. Ya tambaye ni ko ni na faɗa da bakina, na ce eh. Ya ce to, ya gaida Gwaggo, ya fita. An ce ya koma Shema girbin gero.

Na ɗauka zan ji sanyi. Ban ji ba. Abincin Gwaggo ma ba ya shiga. Amma me zan yi, Yaya? In fanel ɗin ya ƙone, sunana ne zai ƙone.

A gaida kowa.

Hudu.

Dutsin-Ma,
Oktoba, 2021.

Zuwa ga Yayata Murja,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida maigida da yara. Wannan wasiƙar ki fara karanta ta ke kaɗai kafin Inna ta ji an kawo.

Bayan tafiyar Rilwanu na wanke fanel da sifirit da buroshin haƙori, na'urar ta dawo daidai. Na shimfiɗa farar takarda a gefenta don in ajiye ƙananan kusoshi. Washegari na tarar da ɗigon a kan takardar, a kan fanel, har a kan takalmina da ke bakin ƙofa. Makullin Rilwanu yana aljihuna. Na duba yadda suka faɗa: sun fi yawa ta wajen ƙofa, suna raguwa zuwa bango, kamar an watso su daga nesa.

Washegari kuma ban tsaya karatu ba, na dawo. Na tarar da Gwaggo a bakin ƙofar ɗakina, ƙafarta ba ta shiga ba, ta kau da kai gefe don kada ta ga abin. Kwalba ce a hannunta na hagu, tana zubawa a tafin dama tana yayyafawa, bakinta na motsi. Da ta gan ni ko gezau. Ta ce, "Kai ɗan nan, ka tsorata ni. Rubutu ne uwarka ta sa aka yi maka, tun da aka ce unguwa ta sa maka ido. Da aka ce kuma akwai hannu a ciki, ta aiko da babba, ta ce in ninka." Ta ƙara da cewa ita da ake wahalarwa kullum da sassafe ko sannu ba a yi mata.

Na yi mata sannu, na karɓi kwalbar da hannu biyu. Na ɗiga kaɗan a kan gilashi, ya bushe, na hura masa numfashi, na ɗora mita, ta nuna wuta na bi. Kin san tawadar allo da gawayi da ƙaro ake dafa ta. Wutar lantarki tana bin gawayi, ƙaro kuma yana jan laima. Shi ya sa sai da safe. Rilwanu da ya ce raɓa, rabin gaskiyar ya faɗa. Ɓangarena kuwa shi ne a sama, ta wajen ƙofa, nasa yana cikin akwati. Duk abin da na rubuto miki gaskiya ne, Yaya, ko ɗaya ban ƙara ba, kuma ga inda ya kai ni. Ni nake rubuto tsorona, ke kina karantawa, Inna tana aikowa.

Na koma wurin Dakta na ce Rilwanu ba shi da hannu, daga gidanmu abin ya fito, kuma ba da mugunta ba. Ya ce ba zai duba na'urar ba sai mu biyu muna tsaye a gabanta, gurbin kuma yanzu bai san wa zai ba ba. Na yarda, hakkinsa ne.

Jiya na je Shema. Na samu Rilwanu a gona yana ɗaure dami. Na gaya masa komai, na roƙi gafara a gaban babansa, tunda babansa ya riga ya ji an kore shi daga aiki. Na zaci zai yi dariyar nan tasa idan ya ji labarin kwalba. Bai yi ba. Ya karɓi makullin ya sa a aljihu, ya ce zai zo ranar Litinin ya ƙarasa abin da ya fara. Da na juya zan tafi ya kira ni, ya ce, "Hudu, in kai ka samu, tsiren nan ka riƙe abinka."

Yanzu ga roƙona. Kada ki ce wa Inna rubutunta ya ɓata komai, ba zan iya jin ta ji haka ba. Ki ce mata aiki ya gyaru, kuma babu hannun kowa. Idan za ta sake aikowa, ta aiko da sunana, ba na Gwaggo ba. Na rufe na'urar da leda. Sauran na kwalbar na shanye shi da bisimilla.

Idan kin ga dama, ki aiko da ƙuli-ƙulin nan kashi biyu. Ban sani ba ko zai ci, amma zan ajiye a gefensa na tebur.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Hudu.