Koriyar Da'ira a Ƙofar Gidana

Daga: Mai gidan burodi, gida na ƙarshe kafin kwalbati, layin bayan tsohon asibiti
Zuwa ga: Mai girma Shugaban Cibiyar Nazarin Laifuka ta Jami'a
Kwanan wata: 9 ga Yuni

Game da: Alamar da ma'aikatan cibiyarku suka bari a ƙofofinmu, da abin da ya biyo bayanta

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ban girma, ina neman izinin gabatar da wannan ƙorafi a madadin kaina da iyalina. Ni ba ma'abocin rubuta takarda ba ne, hannuna ya fi sabawa da kwaɓin fulawa. In wata kalma ta fito da zafi a yi mini afuwa, na sanyaya ta iya ƙoƙarina.

1. A ranar 6 ga Maris, ɗalibai biyu daga cibiyarku, mace da namiji, suka yi sallama a gidana sanye da riguna masu tambarinku. Yara ne masu ladabi, ba ni da ta cewa a kan tarbiyyarsu. Sun yi mana bayani cewa alƙaluman 'yan sanda ba sa nuna yawan laifin da ake aikatawa, sai yawan wanda aka kai ƙara, kuma abin da ba a kai ba ya ninka wanda aka kai. Hanyar gano shi, in ji su, ita ce a bi gida-gida a tambayi mutane abin da ya same su a cikin shekara. Ba kowane gida ake shiga ba, ana tsallake huɗu a shiga na biyar, don kada son ran mai tambaya ya shiga zaɓen. A cikin gidan ma ƙuri'a ake yi, kuma ta faɗa kan mai ɗakina. Na ce ni ne maigida, ni zan amsa, suka ce ƙa'ida ta hana. Suka tabbatar mana cewa ba suna, ba hoto, lamba kawai za a ba mu.

2. Mai ɗakina ba ta iya ɓoye-ɓoye ba, haka Allah ya yi ta. Ta faɗa musu abin da duk layin ya sani amma ba mai furtawa: samarin da suka mamaye tsohon gareji, yadda suke ƙwace waya a hannun mata, yadda suke ɗibar kaya a shaguna ba ko sannu, da abin da ke samun wanda ya ɗaga musu murya. Aka tambaye ta me ya hana kai ƙara. Ta ce wanda ka kai da safe, da shi za ka haɗu a bakin famfo da yamma. Tana magana tana hawaye, ɗalibar ma sai da ta cire tabarau ta share ido.

3. Da za su fita, namijin ya zaro wani alƙalamin fenti kore ya zana da'ira a saman ƙofata. Na tambaye shi ta mece ce. Ya ce ta mai duba aikinsu ce, wanda ke bin bayansu a kan babur don ya tabbatar sun shiga gidajen da gaske, ba zama suka yi a gindin bishiya suka cika amsoshin da kansu ba. Gidan da ya amsa a yi masa da'ira, gidan da ya ƙi a ja masa layi. Ranka ya daɗe, ashe cibiyarku ba ta yarda da ɗalibanta ba, shi ne aka mai da ƙofofinmu shaida. A lokacin ban kawo komai a raina ba, na ma ba su burodi mai zafi suka tafi da shi.

4. A ranar 22 ga Afrilu aka karanta sakamakon bincikenku a rediyo. An ce cikin mutum goma da aka zalunta, da ƙyar biyu ke zuwa ofishin 'yan sanda. An kuma ce mazauna wani layi a bayan asibiti sun ba da labarin wata ƙungiya ta samari. Aka yaba muku ƙwarai. 'Yan sanda suka zo suka kwashi wasu daga garejin, mako bai cika ba duk suka dawo. Abin da suka fara yi shi ne zagaya layin da rana tsaka, a hankali, hannu a aljihu, suna ɗaga kai suna duban saman ƙofofi.

5. Gida na farko mai da'ira na tela ne. Ya dawo daga cin abincin rana ya tarar an ɗura yashi a cikin kekunan ɗinkinsa duka. Ba a ɗauki ko zare ba. Na biyu na wata gwauruwa ce mai sayar da ƙanƙara. An sassare mata firji da gatari a gabanta, aka ce ta je ta gaya wa rediyo. Na uku na Baba Mai Famfo ne, dattijon da ya ja wa rabin layin nan ruwa. Shi hannun damansa aka karya masa a bakin ƙofarsa, mutane na wucewa suna kau da kai. Gidajen da aka ja wa layi kuwa ba wanda ya ko ƙwanƙwasa su. Ina roƙon ka lura da tsarin: suna tsallake huɗu su shiga na biyar. Wallahi sun koyi aikinku tsaf, ba su taɓa kuskuren gida ba. Tsakanin ƙofar Baba Mai Famfo da tawa ƙofofi huɗu ne.

6. Kada a ce mun naɗe hannu. Na goge da'irar da kananzir, ta bar wani farin tabo da ake hangowa daga titi. Na kankare ta da wuƙa, katakon ya yi rami mai siffarta. Sai na sayi fenti na shafe ƙofar gaba ɗaya, na wayi gari ƙofata ce kaɗai ke sheƙi a layin da rabonsa da sabon fenti tun ana gina shi. Duk dabarar da na yi sai ta ƙara nuna ni.

7. A ranar 19 ga Mayu na zo cibiyarku da ƙafata. Wani jami'i ya karɓe ni da shayi, ya nuna mini ɗakin da ake ajiye amsoshi a bene na uku, ya ce suna cikin kwamfuta a kulle, mutum biyu kaɗai suka san lambar buɗewa. Ya ce an bi duk ƙa'idojin kare sirri, ba sunan kowa a ko'ina. Na yarda da shi, ba ƙarya ya yi ba. Kun kulle sirrinmu a bene na uku, kun bar shi a rubuce a ƙofar gida. Daga nan na wuce ofishin 'yan sanda. Suka ce a lissafinsu layinmu na cikin mafi kwanciyar hankali, domin tela da gwauruwar da Baba ba wanda ya shigar da ƙara. Suka ce in ina so a motsa, in rubuta sunayen samarin in sa hannu.

8. Ranar Alhamis da ta wuce, babbansu, wanda ake kira Gajere, ya shigo shagona. Ya ɗauki burodi ɗaya ya biya, abin da bai taɓa yi ba. Ya yaba fentin ƙofata. Sannan ya tambayi lafiyar uwar gida, ya ce ya ji labarin ta iya zance, kuma kwana biyu ba ya ganinta a hanyar kasuwa. Ya yi murmushi ya fita. Ranka ya daɗe, ina tsoro, kuma ba na jin kunyar rubuta shi. Na roƙe ta ta koma gidan yayanta ko na wata guda ne, ta ƙi. Ta ce ita ba ta yi wa kowa ƙarya ba, ba za ta gudu daga ɗakinta ba. Yanzu ina gaban tanda amma kunnena na ƙofar gida, na ƙona burodi a makon nan fiye da yadda na ƙona a duk shekarun sana'ata.

Bisa ga abin da ya gabata, ina roƙo cikin ladabi:

Na ɗaya, ka je da kanka wurin shugaban 'yan sanda na yankin. Kai za a ba ka kujera a saurare ka ba tare da an ce ka sa hannu ba. A sa ido a layin nan tun kafin a zo gidana.

Na biyu, a hana ɗalibanku zana kowace irin alama a gidan mutane, yau ba gobe ba. Na ji suna wasu unguwannin da alƙalamin nan, kuma kowace unguwa da garejinta.

Na uku, kada a aiko da amsar wannan takarda gidana, kada kuma wani mai rigar cibiyarku ya tsaya a ƙofata ko don jaje. Zan zo in karɓa da kaina.

Na huɗu, jami'inku ya shaida mini cewa a watan Yuli za a dawo zagaye na biyu, don a auna ko laifi ya ragu bayan rahotonku. Zan iya faɗa maka sakamakon tun yanzu. Tela zai ce kekunansa tsufa suka yi. Baba zai ce faɗuwa ya yi a kan tsani. Mai ɗakina, in Allah ya kai ta lokacin, na riga na durƙusa na roƙe ta ta ce ba a taɓa yi mata komai ba, kuma a wannan karon ba ta musa mini ba. Alƙalumanku za su sauka har ƙasa, za a sake yaba muku a rediyo. Ina roƙonka don girman Allah, ranar da wannan lissafi ya iso teburinka, kada ka rubuta cewa layinmu ya samu lafiya.

Ina mai ba da haƙuri bisa tsawon takardar, tare da matuƙar girmamawa ga ofishinka. Allah ya ƙara maka lafiya da basira, mu kuma ya kai mu gobe.

Naka mai biyayya,

(sa hannu)
Mai gidan burodi