Ƙarin da Ba a Sa wa Wuƙa

Zuwa ga mahaifina, Baba Sale mahauci,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ladabin da ka koya mini, ko da yake na san ba amsa. Yau wata biyar da muka kai ka makwanci, kuma akwai maganar da ta tokare mini ƙirji.

Shekara da shekaru kana da ɗan kumburi a wuya. Kowa ya ce maƙoƙo ne, Goggo ma da nata ta tsufa. Sai bara da damina ya taso gadan-gadan. Cikin sati shida wuyan rigarka ya daina rufuwa, muryar nan da ake ji har ƙarshen layin mahauta ta dishe, loma ma sai an bi ta da ruwa.

A asibitin nan na Garwa suka ɗebi ɗan tsoka daga wurin suka aika Yawunde. Da sakamako ya dawo likita ya zaunar da mu, ya ce sankara ce, sunanta limfoma. Ya ce irin wannan ba a cika yanke ta ba, magani ake sawa ta ƙarin ruwa, shimiyo, kuma sau da yawa tana narkewa in an fara da wuri.

Ka yi dariyar da ba ta fita. Ka ce, "Shekara arba'in ina fiɗa, ban taɓa ganin ƙari ya bar nama ba sai da wuƙa." Ni kuwa, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, na goyi bayanka. Har kallon matsoracin jini na yi wa likitan.

Ni na kai ka Ngaundere neman mai tiyata. Ni na kai ka Marwa. Likitocin duk bakinsu ɗaya: ba a yankewa. Wata biyu muka ɓata a hanya, kafin mu dawo mu ce to a sa ruwan, numfashinka ya koma kamar ana jan zarto. Sau ɗaya aka samu aka sa maka.

Ran Talata wata mata ta zo teburinmu sayen hanta. Hajja Dudu ce, wadda kuka zauna benci ɗaya ranar sakamako, mai irin ciwonka. Baba, wuyanta sumul. Ta ce yaya jikin tsoho mai barkwanci? Na naɗe mata hantar na miƙa mata.

Na san in kwana ya ƙare ba mai ƙara shi. Amma kai sana'a ce ta ruɗe ka. Ni fa? Ni na yi lekol, wato boko, ni na ji Faransancin likitan, ni na fassara maka. Da ya ce "da wuri", ban faɗa maka ba, don kada ranka ya ɓaci. Ka yafe mini, Baba. Na yi kewarka ƙwarai.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa wahalar da ka sha ta zama kaffara. Ni kuma Ya yafe mini.

Ɗanka,
Hamidu